Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Bayan rasuwar maigidana, da na fita takaba, sai wani abu ya zo ya zauna mini a ƙirji. Ba ciwo ba ne da zan nuna da yatsa in ce ga shi nan. In na zauna cin abinci sai loma ta tsaya mini a wuya, in na tayar da salla sai in rasa raka'a ta nawa nake, barci kuwa sai an yi sa'a. An kai ni asibiti, an auna jini, an ɗauki hoton ƙirji, aka ce zuciyata ta fi ta wasu 'yan mata lafiya. An yi mini tofi, na sha rubutu, na sha saiwoyi masu ɗaci har harshena ya daina bambance miya da ruwa. Ni da na yi shekaru ina shugabar makarantar firamare a Gwandu, wadda in na yi gyaran murya malamai maza ke gyara tsayuwa, na koma ina wuni a ƙofar ɗaki ina kallon kaji.

Ɗan farina ne ya kawo maganar Kalgo. Ba ni ya faɗa wa ba. Matarsa ya faɗa wa, ita kuma ta zo ta durƙusa ta faɗa mini, domin haka muke magana da shi tun da na haife shi. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da shi ko da zazzaɓi ke kaɗa shi a gabanta. Ana yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi zuwa Masama, can ya tashi cikin ƙannena, yana jin suna ce mini Adda, wato babbar yaya, shi ma ya kama. Har yau Adda yake ce mini. Ni kuwa in zan ambace shi sai in ce wancan, ko mai motar nan, da ya haihu na samu sauƙi na koma cewa baban yara. Ban taɓa jin wannan ya dame ni ba. Alfahari ma nake yi da shi, don an sha nuna ni ga sababbin iyaye mata ana cewa su koyi kunya wurina, duk da bokon da na yi.

'Yan'uwansa mata duk sun yi aure sun bar gari. Shi kaɗai ke zaune da ni, sashensa na kallon nawa, kullum da safe zai tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon tabarma.

Saƙon da surukata ta kawo shi ne, akwai wata mata a Kalgo da ta karanta halayyar ɗan Adam, ta yi aiki a asibiti sannan ta buɗe wurinta na kanta. Ba ta ba da allura, ba ta ba da ƙwaya, magana kawai ake yi da ita. Na ce mata ta koma ta gaya wa mijinta ban fara tsince-tsince a bola ba tukuna, in na fara sai ya kawo igiya. Ta tafi, ta dawo, ta ce ya ce ba wurin mahaukata ba ne. Na ce to wurin su wa ne, masu hankalin da suka rasa abokin hira? Haka muka yi ta aike tsakanin ɗakuna biyu da ba su fi taku kaɗan ba, yarinya ta gaji da zarya. A ƙarshe na yarda, ba don na gamsu ba, sai don ranar na zuba gishiri a kunu na miƙa wa jikokina, kuma na ga irin kallon da suka yi wa juna.

Sharaɗi ɗaya na kafa, kada kowa ya ji. Surukata ce ta ƙirƙiro ciwon gwiwa, aka ce gashin ƙashi ake kai ni yi. Saboda haka duk ranar tafiya sai in fito ina ɗingishi daga zaure zuwa mota, maƙwabta na yi mini sannu. Wata tsohuwar maƙwabciyata har man shafawa ta kawo mini cikin kwalba, ta ce in miƙo ƙafar ta murza mini. Na tsaya ina tunanin wace ƙafa ce ma nake ɗingishi da ita. Na miƙa ta dama, ta ce ai ita ta hagu ta ga ina ja. Na ce ciwon yawo yake yi. Ta murza duka biyun, ni kuwa ina zaune ina jin kamar in nutse, tsohuwar malama tana zabga ƙarya a kan gwiwarta.

Shi ke tuƙa ni. Ina zama a baya, ta ɓangaren da madubi ba zai haɗa idanunmu ba. Mu bar Gwandu, mu wuce Kambaza, mu ratsa Birnin Kebbi mu gangara Kalgo, ba mai cewa uffan sai rediyo. In ina son a sauke gilashi sai in ce wa iska, ana zafi yau, sai in ga gilashi ya sauka. In yana son sanin ko na gaji sai ya ce wa sitiyari, ko a tsaya a sha ruwa, ni kuma in ce wa taga, a'a, a wuce.

Wurin matar yana bayan wasu shaguna, ɗaki ne guda da kujeru biyu, da darduma, da fanka mai ƙara. Na shiga ina neman abin da zai nuna mini likita ce, ban ga komai ba sai kwalin takardar share hawaye a kan ɗan tebur, an turo shi ɓangaren kujerata. Wannan kwali ya ɓata mini rai ƙwarai. Wato tun kafin ta gan ni ta yanke cewa kuka zan yi. Na sa yatsa na ture shi ɓangarenta. Ita kanta ba ta kai 'yata ta biyu shekaru ba, da hijabinta ruwan toka da ɗan tabarau. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, wannan kam ba zan ci amanarta ba. Da muka gama gaisuwa ta tambaye ni yaya nake, na ce lafiya lau. Ta ce yaya nake da gaske. Na ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Sai ta yi shiru.

Ban san ana yin shiru da gayya a matsayin sana'a ba sai a ɗakin nan. Ni na saba in na yi shiru yara su rikice su fara tona kansu, ga shi yau an juya mini. Fanka na ta ƙara, ni ina gyara mayafi, ita tana zaune ba gaggawa. Don in cike wurin sai na fara ba ta labarin jinyar maigidana daki-daki, da asibitocin da aka je, da ranar rasuwa, da jama'ar da suka zo gaisuwa. Na iya wannan labarin, na ba masu ta'aziyya shi har ya yi santsi. Ta saurara har ƙarshe, ta yi masa addu'a, sannan ta tambaye ni da wa nake hira a gida yanzu. Na ce gida cike yake da mutane. Ta ce ta ji, amma da wa nake hira. Na ce lokacinmu bai cika ba?

Na fito na sami wancan a gindin bishiyar dogon yaro yana jira. Ya buɗe mini ƙofa, na shiga har na manta da ɗingishi. A raina na rantse ba zan ƙara zuwa ba, mako na zagayowa kuma na riga shi shiryawa. Har yau ban san dalili ba, sai dai tambayar nan ta bi ni gida ta hana ni sakat.

A zama na gaba da wanda ya biyo baya, a hankali matar ta jawo ni kan abin da ban taɓa lura da shi ba. Maigidana ne abokin hirata, bayan la'asar a kan tabarma, shi da butarsa ni da tsintar shinkafata. Amma ba hira kawai muke yi ba. Duk abin da ya shafi yaron nan ta bakinsa nake ji, kuma ta bakinsa nake aikawa. Su maza suna haɗuwa a masallaci da gona, kunyarsu ba ta kai tamu tsauri ba. Shi ke ce mini ɗanki ya samu ƙarin girma, ɗanki na fama da basir, ɗanki ya ce miyar jiya ta yi daɗi. Ni kuma in taɓe baki in ce ina ruwana, alhali na kasa kunne kamar zomo. In na ga ya rame sai in ce wa uban, ana yawan aiki a ofishin gonar nan, shi ya san abin da zai yi da maganar. Da ya rasu, ba miji kaɗai na binne ba, har da hanyar da nake bi in isa ga ɗana. Surukata yarinyar kirki ce, amma saƙon gishiri da sabulu take iya kaiwa, ba irin wannan ba.

Ana cikin haka ne surukata ta shigo ɗakina wata safiya ta ce an ba baban yara canjin wurin aiki zuwa Yawuri, da ƙarin matsayi, an kuma bar masa zaɓi ya karɓa ko ya bari. Ta ce ya yi niyyar karɓa. Zai ɗauko wata ƙanwar ubansu ta zauna da ni, su kuma su tafi da yara. Na ce Allah ya sa alheri. Sannan ta ce ya ce ai Adda ta fi sakewa in ba ya kusa, kullum a takure take saboda shi, wataƙila ma shi ya sa jikin ya ƙi daɗi. Na ce ya yi tunani. Tana fita abin nan na ƙirjina ya taso. Ba na son ya tafi. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda nake son jin gaisuwar nan tasa daga bakin ƙofa ba, kuma ba ni da bakin da zan faɗa.

Da na je Kalgo na ba matar labari ina dariya, wai yaro ya ga ya fi ƙarfin Gwandu. Ba ta taya ni dariyar ba. Ta ce tun da muka fara zama tana jin wancan, da mai motar nan, da baban yara. Ta gyara tabarau ta ce, "Hajiya, mi as sunanai?"

Na ji kamar ta yaye mini mayafi a kasuwa. Na ce, "Ke ba ɗiyar Hausawa ta ba? Ko karatun ya hid da ke cikin mutane?"

Ban tsaya nan ba. Na gaya mata abin da na daɗe ina tarawa, cewa sun je sun kwaso tarbiyyar wasu suna son su juye mana, uwa ta rungume ƙato tana kiransa da suna kamar sa'arta. Na ce uwata ba ta taɓa kiran yayana da suna ba har ta koma ga Allah, kuma bai lalace ba. Na ɗauki jakata na miƙe. Ta bar ni na kai ƙofa, sannan ta ce ita ma 'yar fari ce, kuma har gobe mahaifiyarta ba ta kiran sunanta, waccan take ce mata. Ta ce ba ta nemi in bar kunya ba, ta janye tambayar, ta kuma ba ni haƙuri. Abu ɗaya take son sani, shin ya san ina son ya zauna? Na ce in yana da hankali ya sani. Ta ce ta ina?

Na dawo na zauna. Na yi ta lalube ta ina, ban samu ba. Naman da nake ware masa a miya matarsa ce ke kai masa, bai san hannun wa ya tsamo ba. Addu'ar da nake masa ni da Ubangijina ne. Abin da yake gani da idonsa mace ce da ke kawar da kai in ya shigo. Ranar ce na jawo kwalin nan da hannuna, kuma na ji kunyar jawowar fiye da ta kukan.

Kafin in fita ta ba ni aiki, kamar yadda nake ba 'yan aji. Magana ɗaya tak, daga bakina zuwa kunnensa, ba ta hannun kowa ba. Ta ce ba sai na kira suna ba, ba sai na dube shi ba. Muka gwada a ɗakin, ita ta juya mini baya a matsayin direba, ni ina ce wa ƙeyarta kada ka tafi. Mace mai jikoki tana wasan kwaikwayo da sa'ar 'yar cikinta. Na roƙi Allah kada mai shagon gaba ya leƙo.

Na faɗi wannan jarrabawa ba sau ɗaya ba. Da farko na ce wa taga, an ce Yawuri akwai sauro. Ya ce wa sitiyari, akwai gidan sauro. Wani zuwan na ce wa kujerar gaba, yara za su sha wahalar canjin makaranta. Ya ce an ce makarantun can ba laifi. Sau ɗaya na kira surukata da niyyar in ba ta saƙon a huta, da ta durƙusa na tuna sharaɗin, sai na ce ta miƙo mini tsintsiya. Matar Kalgo ba ta taɓa yi mini faɗa ba, sai ta tambaye ni me ya tsaya mini, mu sake gwadawa. Da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi, don na san yadda ake rama faɗa. A gida kuwa na fara ganin ana wanke akwatuna ana shanyawa a rana.

Ranar da abin ya faru damina ce, gero ya fid da kai, muna dawowa bayan la'asar. Mun wuce Kambaza na ga hanya na ƙarewa, kuma da safe na ji yana ce wa matarsa gobe zai kai amsa ofis. Na tattara duk abin da ya rage mini na ce, kada a tafi Yawurin nan. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa, rediyo ya danne ta. Na sake cewa kada ka tafi, a karo na farko a rayuwata na ce masa ka. Bai ko motsa ba. Ba laifinsa ba ne, bai taɓa sa ran magana daga kujerar baya ta nufo shi kai tsaye ba, ya ɗauka tasbihi nake yi. Na rasa yadda zan jawo hankalinsa, ba zan taɓa kafaɗarsa ba, ba zan ce kai ba kamar ina kiran ɗan dako. Sai na ji sunan ya fito. Ko a nan ba zan rubuta shi ba. Ya fito a karkace, kamar kalmar wani yare da na koya a takarda ban taɓa furtawa ba.

Ya taka birki har goshina ya bugi kujera. Ya sauka gefen hanya, ya fito ya zagayo ya buɗe ƙofata, ya durƙusa cikin laka da farar shaddarsa. Fuskarsa ta canza gaba ɗaya.

"Adda, mi ka maki ciwo? Ƙirjin na? Ki yi salati, Adda, yanzu mu koma asibiti."

Ya fara lalubar waya, yana cewa in akwai abin da zan bari in faɗa yana ji. Sai a lokacin na gane. A saninsa abu ɗaya ne zai sa uwa irina ta kira sunan ɗan farinta, wato ta ga tafiya ta zo. Wasiyya yake jira.

Na ja mayafi na rufe fuska na ce, "Ba mutuwa nika yi ba. Tashi cikin laka, mutane na kallo." Ba kowa a hanyar sai wani mai shanu can nesa. Bai tashi ba. Daga cikin mayafin na ce, "Kak ka tahi Yawuri. Ban son ka tahi."

Ya daɗe a durƙushe. Na zaci zai kawo maganar matsayin, ko ta amsar da ya shirya kaiwa, har na tanadi abin da zan ce in janye. Sai kawai ya ce, "To, Adda. Na zamna."

Shi ke nan. Ƙarin girman da ya yi shekaru yana jira ya ajiye shi a gefen hanya da kalma biyu, bai ko nemi dalili ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, amma kunyar da ta rufe ni ta fi daɗin yawa. Na yi ta ganin abin kamar dutse, ashe shi ɗan wannan yake jira.

Ya rufe mini ƙofa ya koma mazauninsa, amma bai tayar da mota ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba. Na hango furfura a ƙeyarsa, ƙarƙashin hula, ban san yaushe ta fito ba.

"Adda," ya ce, "rediyo na ƙara ɗazu, ban ji da kyau ba. Ki ƙara hwaɗi."

Ya ji sarai, birkin da ya taka shaida ne. Mutum mai iyali, mai furfura, yana yi mini ƙaryar yara don ya sake jin sunansa a bakina. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe, sunan ya zo har kan harshe ya tsaya. Abin da ya fito shi ne, "A ja mota, magariba na gabatowa."

Ya ce to. Ya cire hula ya goge fuska da ita, ya mayar, ya tayar da mota. Bai kunna rediyon ba har muka shiga Gwandu, ina jin ya bar mini wurin ne ko zan iya. Ban iya ba, kuma bai ƙara roƙona ba.